Guzuri, Takalmi da Rijiya: Ga Masu Son Taka Ƙasar Lautai

Ƙannena, kwanakin baya wasu samari uku suka same ni a zaure bayan la'asar. Ɗaya daga cikinsu ɗalibi ne a Kwalejin Ilimi ta Gumel, sauran biyun abokansa ne na unguwa. Suka ce sun ƙulla niyya, idan an yi hutu, za su zaga ƙasar Lautai, wato masarautar Gumel, da ƙafa, kwana uku ko huɗu, su kwana inda dare ya yi musu. Suka miƙo mini waya na ga hotunan da suka tayar musu da sha'awa: Turawa ne goye da manyan jakunkuna, ga tanti mai launi, ga duwatsu da ƙanƙara a bayansu. Tambayarsu ita ce a ina za su sami irin wannan jaka, kuma nawa tanti yake a Kano.

Raina ya yi fari da na ji yaran garinmu suna son sanin ƙasarsu da tafin ƙafa, domin yawancinmu ta gilashin mota muka san ta. Amma na ce musu ba daga jaka ake farawa ba. Abin da na faɗa musu a ranar shi nake son in shimfiɗa muku, domin na san ba su kaɗai ke da wannan buri ba.

Wanda kuka gani a hoton nan daji yake shiga, inda zai yi kwanaki bai ga ɗan Adam ba, ga ƙorama tana gudana a gefensa. Dole ya goya ɗakinsa da murhunsa. Tamu ƙasar akasin haka take. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, da wuya ku yi tafiyar awa biyu ba ku ci karo da ƙauye ko ruga ko mai amalanke ba. Kowace gona da mai ita, kowace bishiya da wanda ke jiran 'ya'yanta. Mutane ba su yi mana ƙaranci ba, ruwa da inuwa ne suka yi. Saboda haka matafiyi a nan da abu biyu yake tsara hanyarsa: ina zai sha, kuma a hannun wa zai sauka. Abinci da kaya duk a bayan waɗannan suke biyowa.

Ba kuma baƙon abu kuke shirin yi ba. A watan Maris na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da garin babbar kasuwa ce ta kanwa, wadda ake kawowa daga gabas a wuce da ita Kano da gaba. Wannan kanwa a bayan jakuna da takarkarai ta zo, masu ita kuwa da ƙafa suke biye. Fatake ba sa fita sai da madugu mai yanke magana, da jagaba wanda ya san hanya, da uban dawaki mai kula da kuɗin fito da sha'anin zango. Bayansu ga gardawa masu tafiya gabas neman karatu, da gafaka da buzu da allo. Ga mahajjatan ƙasa da suka bi ta Barno da Cadi da Sudan, wasu sai bayan shekaru suke dawowa. Waɗannan mutane sun bar mana ilimin tafiya cikakke, mu ne muka ajiye shi da babur ya zo. Ko ku uku ne, ku raba aikin nan nasu: ɗaya shugaba, kamar yadda sunna ta koyar, ɗaya mai hanya, ɗaya mai guzuri da kuɗi. Shugaba shi ke cewa a tashi ko a tsaya, kuma in ya ce a koma gida, a koma ba musu.

Sai lokaci. Kada ku kuskura ku fita da bazara. A watan Afrilu da Mayu zafi a nan kan haura digiri 40, rairayi ya yi zafin da ko jaki ɗaga ƙafa yake. Ni na taɓa yin wannan kuskure ina saurayi, mu biyu da wani abokina. Mun fito daga Gumel da hantsi, kowa da gora ɗaya, mun nufi wani ƙauye a yamma da muka ji an ce akwai rijiya a bakinsa. Muka isa da azahar muka tarar rijiyar ta ƙafe, sai laka a ƙasanta. Abokina ya fara cewa kansa na sarawa, can ya yi shiru, ya zauna a gindin wata aduwa. Na taɓa goshinsa na ji zafi rau, kuma babu ɗigon gumi a jikinsa. Ina kiran sunansa yana amsawa da abin da ba shi na tambaya ba. Allah Ya jefo mana wani dattijo mai amalanken shanu da jarkoki, ya sauko bai ce uffan ba, ya kwance rawaninsa ya jiƙa ya lulluɓe shi, yana yi masa fifita da malafa, yana ɗiga masa ruwa a baki kaɗan-kaɗan. Sai da ya dawo hayyacinsa sannan dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya ce muku da ruwa a rijiyar nan? Yaushe ya gan ta?" Ba ni da amsa. Wanda ya gaya mana, da damina ya gan ta. Har yau in na tuna ranar nan gabana faɗuwa yake.

Damina kuma ba ta dace ba, ga sauro, ga shuka ta rufe ko'ina, ga ruwan sama da dare. Farkon kaka akwai daɗi ga ido, amma amfani yana gona, gero da wake da riɗi da yakuwa, kuma lokacin ne ran manomi da na makiyayi suke kusa. Baƙon da ya ratsa gonar riɗi da aka yanke aka jingina yana iya jawo wa kansa maganar da bai shirya mata ba. Ku bari a kwashe amfani. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu shi ne lokacinku: rana ba ta da kaifi, hanyoyi sun buɗe, rumbuna a cike, mutane kuma sun sami sukunin zama da baƙo. Sai dai ku shirya wa sanyin dare, don a watan Janairu yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu da ba ta da abin da zai tare ta a wannan fili. In da hali ku daidaita fitarku da farin wata.

Da ni ne zan zana muku hanyar farko, ga yadda zan yi. Ku tashi daga Gumel ranar Litinin bayan sallar asuba ku nufi Sule Tankarkar, tafiyar da ba ta fi ta yini guda ba ga mai lafiya. Daga can ku karkata arewa maso gabas zuwa Maigatari, amma ku raba wannan zangon gida biyu, ku kwana a wani ƙauye a tsakani, ku shiga Maigatari da yammacin Laraba. A daren nan za ku ga garin yana cika, garken shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga Nijar, daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram, ƙura ta tashi har ta rufe fitilun masu shayi. Alhamis ku yini a kasuwa, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki na Afirka. Ku tsaya a kara ku kalli yadda dillali ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ku leƙa wajen masu riɗi da zoɓo da ake auna wa manyan motoci. Komawa Gumel ba ta kai kilomita 30 ba, wanda ƙafarsa ke da sauran ƙarfi ya taka da asubar Juma'a, wanda ta gaji ya hau mota, babu abin kunya a ciki. Gagarawa ku bar ta sai fita ta biyu. Tana kudu, tana da nata abin gani, musamman layin dogon Kano zuwa Nguru da aka buɗe a 1930, wanda a da shi ke kwashe gyaɗar wannan ƙasa. Cusa ta cikin zagayen farko zai mayar da tafiyar ta zama gudu.

Mai lafiya a ƙasa mai tauri yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa. A jigawa, da kaya a baya, ku lissafa 3. Wannan bambanci shi ne ke yaudarar mai duba taswira a waya, domin waya ba ta san rairayi ba. Ku sa wa kanku kilomita 15 zuwa 20 a yini, kada ku zarce. Ku ci mafi yawan tafiyar tsakanin asuba da ƙarfe 11, ku nemi inuwa ku yi ƙailula, ku tashi bayan la'asar, ku isa masauki rana ba ta faɗi ba. Inuwar da za ku fi samu a rani ita ce ta gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar lokacin da sauran itatuwa suka bushe, sai darbejiyar da aka jera a wurare da dama don tare hamada. Google Maps yana da amfani, ku sauke taswirar yankin tun kuna gida inda akwai sabis. Amma jagabanku na gaskiya shi ne mutumin da ya bi hanyar a makon nan: ɗan acaɓa, mai amalanke, mai tallan nono, mai kai dabbobi kasuwa. Mai tambaya ba ya ɓata, in dai ya iya tambayar. Kada ku ce, "Da nisa?" domin amsar kullum ita ce, "Nan ne kusa." Ku ce, "In na tashi yanzu, zan isa kafin azahar?" Kuma game da ruwa ku yi tambayar dattijon nan: yaushe ka gan shi da idonka, fanfon yana aiki jiya?

A kan ruwa zan daɗe, don shi ne ran tafiyar. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, babu dabarar da za ta rage mata nauyi. Ko da sanyi ne, mai tafiya yini yana bukatar lita 3 zuwa 4 ta sha kawai, ban da alwala da dafa shayi. Hunturu yana da yaudara: iska na shanye gumi tun bai fito ba, mutum ba ya jin ƙishi alhali jikinsa yana bushewa. Ku riƙa kurɓa a kai a kai, ku kuma duba fitsarinku, in ya yi ja ya ragu to kun yi baya. Kowa ya riƙe gora biyu, kada a zuba ruwan ayari duka a jarka ɗaya, don in ta fashe kowa ya shiga uku. Ku naɗe gora da tsumman buhu ku jiƙa, za ta yi sanyi kamar salka. Doka ɗaya ce ba a karya ta: duk inda kuka tarar da ruwa mai kyau ku cika, ko da gorar rabi kawai ta sauka, kuma kada ku bar wurin ruwa sai kun san na gaba da wanda ke bayansa, in na gaban ya ci amana.

Ruwan fanfon tuƙa-tuƙa da na tankin sola ya fi aminci. Na buɗaɗɗiyar rijiya ku tafasa shi ko ku jefa ƙwayar tsarkake ruwa da ake samu a kemis, ku jira rabin awa. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba sa kashe ƙwayar cuta, kada hasken ruwan ya ruɗe ku. Kurkunu dai Allah Ya raba mu da shi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Najeriya, amma amai da gudawa da taifot suna nan, tsargiya kuma tana jiran mai wanka a kududdufi. Ku sa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti guda biyar ko shida a jaka. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kuma kun isa rijiya kun tarar da mata a layi, ko makiyayi yana jan guga da sa don ya shayar da garke, ku yi sallama ku tsaya gefe. Rijiyoyin wannan ƙasa suna da zurfi, kowane guga da gumi aka fito da shi. Ku kama igiya ku taya ja, sannan ku roƙi na sha.

Guzuri kuwa, iyayenmu mata sun riga sun gama wannan bincike. Abin da ake nema shi ne mara nauyi, mai riƙe ciki, wanda ba ya lalacewa kuma ba ya neman wuta. Ku je wurin kakarku ku ce ta yi muku gumba. Ku zauna ku kalli yadda za ta surfa gero ta wanke, ta baza ya sha iska, ta daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta zuba sukari, ta mulmula ta shanya. Dunƙule biyu a kwanon sha, a dama da ruwa, ko da nono in kun dace da ruga, sun kai mutum azahar. Fura ɗanya ta yinin farko ce kawai, kwana ɗaya take yi ta yi tsami. Sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, gwangwanin madara biyu na gari ya ishi mutum ɗaya a yini, amma ku tuna gari ruwa yake sha, a kwano da kuma a ciki, don haka abincin bakin rijiya ne. Dakuwa, soyayyiyar gyaɗa, aya da dabino su zauna a aljihu, a riƙa jefawa a baki ana tafiya. Dambun nama ya fi kilishi dacewa, don yajin kilishi yana tayar da ƙishi. Ku ɗauki ɗan curin tsamiya, in aka jiƙa ta da sukari tana wartsake gajiya. Shayi kuma kada ku raina shi: ƙaramar buta, ganye, citta da sukari, da asubar hunturu ba abin da ya kai shi, kuma shi ne ke tara muku abokan hira a masauki.

Ku ƙulla abincin kowane yini a ledarsa daban, ku ƙara ƙulli ɗaya na yinin da ba ku shirya ba, kada a taɓa shi sai dole. Taliya da shinkafa da kifin gwangwani ku bar su a gida, suna da nauyi, suna cin ruwa da itace. A garuruwan da ke kan hanya za ku sami ƙosai da waina da ɗanwake da shinkafa da wake, ku saya ku ci da zafinsa, kuɗinku ya shiga hannun mutanen wurin. Ku riƙe canji ƙanana, domin mai ƙosai a ƙauye ba ta da canjin dubu, kuma ba ko'ina ake samun mai cirar kuɗi ba.

Akwai wani dalilin da ya sa nake matsa muku a kan guzuri, kuma ya fi na cikinku muhimmanci a wurina. Mutanenmu ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa. In kun sauka a ƙauye za a fito muku da tuwo, wataƙila har a kama kaza. Abin da ba za ku gani ba shi ne wanda ya haƙura da nasa kwanon a cikin gida. Samari uku majiya ƙarfi da suka fito yawon buɗe ido bai kamata su zama nauyi a kan magidancin da ke lissafin damin da zai kai shi damina ba. Ba a mayar da kwanon mai gida, wannan cin fuska ne. Ku ci, ku yi godiya, ku sa albarka. Amma ku zo da abin da za ku ajiye: goro, sukari, ganyen shayi, sabulu ga matan gida, dabino ga yara. Ku fito da naku guzurin a ci tare. Kuma kwana ɗaya ya isa, baƙo raɓa ne.

Yadda ake shiga gari shi ma shiri ne. Zamani ya canza, baƙuwar fuska da jaka a baya yanzu abin zargi ce, kuma ba za a ga laifin mutane ba in aka dubi abin da ke faruwa a wasu sassan Arewa. Tun kafin ku fita ku je wurin mai unguwarku ku gaya masa, in da hali ya haɗa ku da takarda ko ya buga waya gaba. Ɗalibai su karɓi takardar makaranta. Kowa ya riƙe katin shaidarsa. In kun isa gari ku wuce kai tsaye ƙofar mai gari, dagaci ko mai unguwa ko bulama, ku tuɓe takalmi, ku durƙusa ku gaisa, ku faɗi sunan mahaifinku da unguwarku da abin da ya kawo ku. Shi zai nuna muku zaure ko harabar masallaci, shi zai gaya wa 'yan sintiri cewa da saninsa kuke. Wannan ya fi kowane tanti. Kada ku kafa masauki a bayan gari ba da sanin kowa ba, kada ku shiga gari bayan isha, kada ku ɗauki hoton mace ko gida ko garke ba izini. Ruga kuwa daga nesa ake yi mata sallama, a tsaya sai an fito, saboda karnuka da kuma mutunci. Banda ƙaramar wuƙar yanka albasa da sandar dogarawa, kada a ga wani abu mai kama da makami a hannunku. 'Yan matan da ke da wannan sha'awa, kuma na san akwai su, su bi ta ƙungiyar makaranta da malamai mata, ko su fita da yayyensu, a shirya musu masauki a cikin gida tun kafin a tashi.

Game da iyaka, Maigatari a bakinta take, kuma a daji babu katangar da za ta gaya muku kun fita Najeriya. Wani lokaci wayarku ce za ta fara kama layin Nijar. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, tsohuwar hedikwatar masarautar Gumel ma, Tumbi, a can ɓangaren take. Amma hukuma hukuma ce. An rufe iyakar nan a 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. In kuna son tsallakawa ku bi ta ƙofa, gaban jami'ai, da takardunku. Hanyar ɓarauniya ba taku ba ce.

Yanzu mu dawo kan jakar da kuka fara tambaya. Jakar makaranta mai kauri, mai hannu biyu, ta isa. Ku kai wa mai ɗinkin takalmi ya ƙara wa hannayen ɗinki, ya sa muku ɗamarar da za ta kama ƙugu, don nauyi ya sauka daga kafaɗa. Duk kayan, har da ruwa, kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinku: mai kilo 60 ya tsaya a 12. A ciki akwai bargo ko rigar sanyi mai kauri, ƙaramar tabarmar roba wadda za ta yi shimfiɗa ta yi sallaya, gidan sauro, kaya canji ɗaya, tocila, ashana a leda, kwanon sha, cokali, allura da zare, igiya, sabulu. Malafa a ka, da rawani ko ƙyalle mai tsawo da zai rufe hanci in hazo ya sauko, ya zama matashi da dare. Waya a kashe ta sai lokacin bukata, a tafi da batirin ajiyar caji, kuma ɗayanku ya riƙe ƙaramar waya mai madannai wadda ke kwana uku ba ta mutu ba.

Abin da zai yanke hukuncin tafiyarku dai ƙafa ce. Kada ku sayi sabon takalmi don wannan fita, wanda ya saba da ƙafarku shi ne abokin tafiya. Kambas mai kaurin ƙasa da safa biyu ya fi silifas nesa ba kusa ba, don tsidau yana huda roba mai laushi kamar ba komai. Ƙarangiya kuwa, wanda bai taɓa ratsa saura da kaka ba bai san ta ba. Takan kama ƙafar wando ta yi cunkus, in ka sa yatsa ka cire ta koma yatsan, ƙayarta siririya ta karye a cikin fata ta kwana tana zugi. Ku sa wando mai santsi, ku cusa bakinsa cikin safa, ku karkaɗe ta da wuƙa ko tsinke. Duk inda kuka zauna hutu ku cire takalmi, ku zazzage rairayi, ku bar ƙafa ta sha iska. Da kun ji wani wuri ya fara zafi ku tsaya nan take ku manna filasta, tun bai zama bororo ba. Da dare a wanke ƙafa a shafa man kaɗe saboda faso. Mako biyu kafin fita ku riƙa goya jakar da kayanta kuna tafiyar awa biyu da safe, a nan za ku gane abin da ya kamata a bari a gida.

Maciji ya fi yawo da kaka da lokacin zafi, amma ko da sanyi kada ku sa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara, kuma ku zazzage takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya sa kububuwa ko kasa ta sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi babur ko mota zuwa babban asibiti mafi kusa, na Gumel ko wanda ya fi shi kusa da inda kuke, ba tare da an tsaya gwada na gida ba. Ku tafi da lambar ɗan acaɓa ɗaya a kowane babban gari da za ku bi. Wuta kuma a hunturu abin tsoro ce, gari duk kara ne da zana da rumbu. Ku hura ƙarama a fili, da busasshen itacen da ya faɗi da kansa, kada ku sari ɗanye a ƙasar da ake fama a dasa, kuma ku binne tokar da rairayi kafin ku tashi. Ledar da kuka zo da ita ku koma da ita, akuya na ci ta mutu.

Maganar salla ku tambayi malaminku tun kuna gida. Malamanmu na Malikiyya sun sa tsawon tafiyar ƙasaru a mil 48, wajen kilomita 80, kuma zagaye irin naku ba lalle ya cika sharaɗin ba. Ku koyi taimama da kyau, ku san lokacin da ta halatta.

Daren da za ku tashi, ku zauna da mahaifinku ko yayanku ku rubuta masa a takarda: ga garin da za mu kwana Litinin, ga na Talata, ga na Laraba, ga sunan mai garin, ga lambar kowannenmu. Ku yi alkawarin kira kowace magariba, ku kuma yanke da shi cewa in ya kai hantsin washegari bai ji ku ba, ya taso. In kun canza hanya, shi ne na farkon da zai sani. Sannan ku shiga wurin mahaifiyarku ku durƙusa ta sa muku albarka, ku karɓi ƙullin gumbar, ku cika gorunanku, ku ajiye takalma a bakin ƙofa, ku kwanta da wuri.